Darasi na Tara: Wa Za a Fara Ɗauka?

A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar mai ta faɗi a garin Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura ta Jihar Jigawa. Fetur ya malale, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna ɗiba, sai wuta ta tashi. Waɗanda suka rasu sun haura 150, waɗanda suka ƙone kuma aka yi ta jigilarsu cikin dare zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja. Makonni biyar kafin wannan, ranar 10 ga Satumba, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, ya shiga har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Wurin da ake kai marasa lafiya shi kansa ya koma neman ceto.

Ɗaya wuta ce, ɗaya ruwa, amma a irin wannan rana waɗanda ke fara kai hannu su ne dai waɗanda ke kusa: maƙwabta, 'yan agajin masallaci, direbobi, masu kwalekwale. Hukumar NEMA da takwarorinta na jihohi sukan zo, sai dai zuwansu na cin lokaci, jini kuwa ba ya jira. Wannan darasi na mutanen sa'ar farko ne, wato ku. Za mu koyi yadda ake tantance masu rauni idan sun fi ƙarfin masu taimako, sannan mu duba kayan da ya kamata unguwa da gida su tanada.

Mai ihu yana da sauran numfashi

Mu ɗauka motar haya ta kife a bakin garinku da mutum 20 a ciki. Ku biyar kuka fara isa, motar da za ta kai mutane asibiti kuma ɗaya ce tal, wata a-kori-kura. Ga wani saurayi yana birgima yana kururuwa, hannunsa ya karye. Ga wani dattijo mai rawani a zaune, goshinsa ya fashe, jini ya ɓata masa riga. Can gefe wata mata ce kwance, ba ta ce uffan ba, sai numfashi take sama-sama. Kowa a ajin nan ya san inda ƙafarsa za ta kai shi: ko wajen mai kururuwa, ko wajen dattijon. Alhali wanda ke iya kururuwa iska na shiga ƙirjinsa tana fita, jini kuma na kai wa ƙwaƙwalwarsa, shi ya sa ma ya san yana jin zafi. Fatar kai kuwa akwai ta da jini, ɗan yanka kaɗan sai ya jiƙa babbar riga. Matar nan da ta yi shiru ita ce a kan gaɓa.

Ma'aikatan lafiya na kiran wannan aiki na tantance masu rauni tiriyaj. Kalmar daga Faransanci ta fito, asalinta na nufin tsincewa da warewa, kamar yadda ake tsince wake kafin a zuba a tukunya. Ana danganta farkonsa da Dominique Jean Larrey, likitan tiyata a rundunar Napoleon, wanda ya tsaya a kan cewa mai rauni mafi tsanani shi za a fara dubawa, hafsa ne ko ƙaramin soja. Tsarin da aka fi koyarwa a yau ana kiransa START. An tsara shi a 1983 a Kalifoniya ta Amurka, da haɗin gwiwar Asibitin Hoag da 'yan kwana-kwanan garin Newport Beach. Ba ya buƙatar wata na'ura. Ido ne, da yatsa, da murya, da launi huɗu: ja ga wanda zai iya mutuwa yanzu idan ba a kai masa ɗauki ba, rawaya ga mai rauni babba da zai iya jiran ɗan lokaci, kore ga mai ƙaramin rauni, baƙi ga wanda ya riga ya cika.

Kafin komai, ku duba ko wurin ba zai ci mai ceto ba. Fetur na zuba? Wayar lantarki ta faɗa cikin ruwa? Katanga na shirin ruftawa? Idan wurin ya yi, sai mutum ɗaya ya ɗaga murya: "Duk wanda zai iya tafiya, ya taso ya zo gindin bishiyar can!" Waɗanda suka taso kore ne. Da kiran nan kaɗai taro kan ragu, kuma a cikinsu za ku sami masu taya ku aiki.

Waɗanda suka rage a ƙasa a bi su ɗaya bayan ɗaya, a fara daga na kusa, kada a wuce minti ɗaya a kan kowa. Da numfashi ake farawa. Idan mutum ba ya numfashi, a ɗan ɗaga haɓarsa a hankali, a cire abin da ake gani ya toshe masa baki. In numfashi ya dawo, ja ne, a kwantar da shi ta gefe don kada amai ko jini ya shaƙe shi. In bai dawo ba, baƙi ne. Wanda ke numfashi kuma sai a lura da saurinsa. Babba mai lafiya kan yi numfashi 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Wanda ya haura 30 ja ne. Ko babu agogo za ku gane shi, ƙirjinsa na hawa da sauka kamar wanda ya sha gudu alhali a kwance yake.

Daga nan sai jini. A danna farcen mutum har ya yi fari, a saki. Idan launinsa bai dawo cikin daƙiƙa biyu ba, jini ba ya zagawa yadda ya kamata. Wannan gwaji bai cika yi mana aiki ba, domin farcen matanmu akwai lalle, kuma yawancin masifunmu da dare suke zuwa. Abin da ya fi shi ne a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ɓangaren babban yatsa. Idan ba a ji bugawa ba, ja ne. Na ƙarshe shi ne hankali. A ce masa, "Baba, matse hannuna," ko "Hajiya, rufe idonki." Wanda ya kasa bin wannan ɗan umarni ja ne. Wanda ya tsallake gwajin uku amma ba ya iya tafiya, shi ne rawaya.

Mai tantancewa abu biyu kawai aka yarda ya tsaya yi: buɗe hanyar numfashi da tsaida jinin da ke tsartuwa. Ko jinin ma, ya kira wani daga cikin kore ya ce, "Danne nan da ƙarfi, kada ka ɗaga," shi kuma ya wuce gaba. Idan ya zauna ɗaure karayar mutum na biyu, na goma sha biyar zai mutu bai ga kowa ba. Bayan an gama zagaye sai a sake wani, domin launi ba hatimi ba ne. Rawaya kan koma ja. Wanda ya fito daga gobara da ƙafarsa, amma muryarsa ta dushe, gashin hancinsa ya babbake, akwai baƙin hayaƙi a bakinsa, a sa shi cikin ja ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau, saboda maƙogwaronsa na iya kumbura ya toshe a hanya.

Yara nasu daban ne. Wata likitar yara a Amurka, Lou Romig, ta fitar da tsarin JumpSTART a 1995 domin 'yan ƙasa da shekara 8. Su numfashi 15 zuwa 45 a minti ba abin sa ja ba ne. Yaron da ba ya numfashi amma ana jin bugun jininsa, sai an hura masa iska a baki sau biyar kafin a yanke hukunci. Jariri kuwa ba zai amsa kiran "ku taso" ba, dole a je a duba shi, ko da a bayan uwarsa yake.

Baƙi, da girma, da kunya

Babu wanda ke son ya zama shi ya ɗaura baƙin ƙyalle. Ku riƙe wannan da kyau: wannan hukunci na ranar da masu rauni suka fi ƙarfin masu taimako ne kawai. Idan mutum ɗaya ya yanke jiki ya faɗi a gida ko a kasuwa, duk abin da aka iya sai a yi masa, a danna ƙirji, a garzaya asibiti. Haka nan wanda aka tsamo daga ruwa yanzu-yanzu da wanda tsawa ta faɗa wa, su kan farfaɗo idan an hura musu iska an danna ƙirji, don haka ba a saurin sallama su.

Mamaci yana da haƙƙi a kanmu, kuma ba wanda ya ce a tauye shi. A lulluɓe shi, a sa wani ya tsare wurin, wanka da likkafani da salla suna nan tafe. Abin da ba za a yi ba shi ne a cika motar nan guda ɗaya da gawawwaki alhali mai sauran numfashi na kwance a ƙasa. Ku kai wa limaminku wannan magana tun yanzu, ku tattauna ta cikin natsuwa, domin a wurin haɗari ba a iya muhawara da ɗan da ke kuka a kan mahaifinsa.

Girma ma haka. An tarbiyyantar da mu a kan babba ne gaba, a wajen cin abinci, a wajen shiga mota, a sahun salla. A nan kuwa mai unguwa mai launin kore zai zauna gindin bishiya ya jira almajiri mai launin ja. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa mai unguwar cikin masu koyon darasin, ranar da abin ya faru shi da kansa zai kori masu cewa a fara da shi. Sai kuma kunya. Namiji kan yi turus idan mai raunin mace ce, mace kuma kan ɓoye rauni a ƙarƙashin hijabi. Lalura ce, ba a tsaya ana kallo, amma kwamitin agajin da babu mata a cikinsa rabin aiki kawai zai iya. Ku nemi ungozoma da matan da ke da ƙarfin zuciya tun daga ranar farko.

Akwatin unguwa

Hukumar Lafiya ta Duniya da sauran ƙungiyoyin agaji suna da wani ƙunshin kaya da suke aikawa inda masifa ta auku, wanda aka auna don ya ishi mutum 10,000 tsawon wata uku. An kasa shi zuwa ƙananan ƙunshi goma, kowanne na mutum 1,000, da wani babba guda na likitoci. Abin lura shi ne ƙananan nan, waɗanda aka yi don ma'aikaci mai ƙaramin horo, babu maganin allura ko ɗaya a cikinsu. Idan masana sun hana ƙaramin ma'aikacin lafiya allura a irin wannan hali, babu dalilin da zai sa akwatin unguwa ya cika da sirinji da ledojin ƙarin ruwa. Mu dai muna da imanin cewa maganin da bai huda fata ba bai yi aiki ba, amma akwatinmu na riƙe rai ne har a kai ga masu aikin.

Kayan tantancewa ba su da tsada. Ku je wajen tela ku karɓi yankakkun ƙyallaye ja da rawaya da kore da baƙi, a yanka su dogaye yadda za su ɗauru a damtse. Ku haɗa da maka mai rubutu a fata, da littafi da biro don rubuta wa aka ɗauka, a wace mota, zuwa wane asibiti, domin bayan kowace masifa akwai iyalan da ke yawo asibiti-asibiti suna cigiya. Sai tocila biyu da batura, da usur, da safar hannu ta roba mai yawa, da sabulu, da almakashi mai ƙarfi da zai yanka tufa.

Mafi yawan wurin akwatin kayan jini ne za su cinye shi: bandeji manya da ƙanana, ƙyallen rufe ciwo da ake saya a kemis, filasta, da tsofaffin zannuwa da aka wanke aka goge aka ƙulle a leda. Yawancin jini dannewa ke tsaida shi. A ɗora ƙyalle a danna da ƙarfi ba ɗagawa, in ya jiƙe a ƙara wani a kai. Idan jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa kuma dannewa ta gaza, sai ɗaurin tsaida jini. A sami ƙyalle mai faɗin yatsu uku, ɗankwali ko rawani ma ya yi, a ɗaura sama da raunin da kamar santimita 5 zuwa 7, ba a kan gwiwa ba, a cusa ɗan sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a ɗaure sandan. Zai yi zafi ƙwarai, haka yake. A rubuta lokacin a goshin mutumin, kada kuma a kwance sai a asibiti. Igiya da waya da robar taya yanka nama suke yi. Ba a barbaɗa ƙasa ko toka ko kashin shanu a ciwo, ta nan cutar sandarewar jiki ke shiga. Abin da ya soki mutum ya maƙale, ƙarfe ko itace, ba a zare shi.

Ƙuna maganinta na farko ruwa ne. A yi ta kwarara ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, har minti 20. A cire zobe da awarwaro da agogo kafin wurin ya kumbura, tufar da ta manne kuma a bar ta. Sannan a rufe da leda mai tsabta. Ɗanyen ƙwai, manja, makilin, baƙin mai, duk waɗannan da muka gada aikin banza suke ƙara wa malaman asibiti, domin sai sun kankare su daga ɗanyen nama kafin su ga ciwon. Idan ƙunar ta ci jiki da yawa, musamman ga yaro, a lulluɓe sauran jikin don kada sanyi ya kama shi.

Don karaya, a ajiye 'yan filayen katako ko kwali mai kauri, a tallafe gaɓar yadda aka same ta. Ja da miƙarwa ba aikinku ba ne, kuma karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce, ba ta maɗori ba. Bargo biyu ko uku su shiga akwatin, na rufa da na ɗauka. Wanda ake zargin wuyansa ko bayansa ya taɓu, a kan ƙyaure ake ɗaukarsa, mutum huɗu ko biyar, ɗaya na riƙe da kai. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa, haka wanda ya ji rauni a ciki. Maganin zafi kuma farasitamol ya isa, asfirin da danginsa ƙara zubar jini suke yi.

Ambaliya na kora macizai zuwa tudun da mutane suka fake. Saran maciji ba a yi masa ɗaurin tsaida jini, ba a tsaga, ba a tsotsa. A hana gaɓar motsi kamar karaya, a ɗauki mutumin zuwa inda ke da maganin dafi. Mutanen yankin Gombe sun san asibitin Kaltungo da wannan aiki. Ku ma ku binciki mafi kusa da ku.

Jakar gida

Bayan ruwa ya janye ne masifa ta biyu kan zo, domin masai ya haɗu da rijiya. Amai da gudawa na iya kashe babba cikin sa'o'i, ƙishirwar jiki ce ke kisan. Kowane gida ya ajiye ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari na masu gudawa, kamar goma. Ƙunshi ɗaya ana dama shi cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, galibi lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu. In babu, a zuba ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokalin na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Gishirin da ya yi yawa illa ne, kada ɗanɗanonsa ya fi hawaye. Yaro mai gudawa a haɗa masa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, mai shayarwa kuma ta ci gaba da ba da nono. Ruwan sha a tafasa, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs a jira minti 30. Ma'aunin ƙungiyoyin agaji shi ne lita 15 ga mutum ɗaya a rana, na sha da girki da tsabta. Ku lissafa da mutanen gidanku, za ku ga jarka ɗaya ba ta kai ko'ina.

Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai asma, mai farfaɗiya, mai sikila, kowa a ware masa maganin mako biyu, a rubuta sunayen magungunan a takarda. A haɗa da katin asibiti, katin awo, katin rigakafin yara, audugar mata, da gidan sauro. Duka a ƙulle cikin leda biyu a rataye sama kusa da ƙofa, ba ƙarƙashin gado ba inda ruwa ke fara isa.

Na taɓa ganin an buɗe akwatin agaji a wata makaranta bayan wani yaro ya faɗo daga bishiya. Sai da aka fasa kwaɗon, domin mai makullin ya tafi kasuwar ƙauye. A ciki aka tarar da almakashi mai tsatsa, da safar hannu da zafi ya narkar ta manne, da kwalbar magani da wa'adinta ya wuce da shekara uku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zafin ƙasarmu na lalata magani da roba, yawancin ƙwayoyi an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, ɗakin kwano kuwa a watan Afrilu ya wuce nan nesa. A nemi ɗaki mai inuwa. Makulli ya zama uku a hannun mutum uku, ɗaya mace mai zaman gida. A buɗe akwatin sau biyu a shekara, kafin damina da farkon hunturu lokacin gobara, a duba ranar ƙarewar wa'adi da lambar NAFDAC, a gwada tocila. A cikin murfin a manna lamba 112 ta kiran gaggawa, da 122 ta hukumar kiyaye haɗurra, da lambobin masu mota uku na unguwa waɗanda aka riga aka yi magana da su.

Aikin aji

Mako mai zuwa kowa ya zo da ƙyalle ɗaya daga launukan nan huɗu. Malami zai zaɓi mutum goma su kwanta a tsakar makaranta, ya raɗa wa kowa irin rauninsa: wannan ya yi ta ihu, wannan ya yi shiru yana haki, wannan ya ƙi matse hannu, wannan ya taso da ƙafarsa yana magana da dusasshiyar murya. Mutum biyu za su tantance su cikin minti biyar, mace ga mata, namiji ga maza, sannan a sauya. Sauran ɗalibai su zama 'yan kallo masu surutu da ba da umarni, kamar yadda ake yi a gaske. A cikin masu kwanciyar a sa wanda ya fi kowa shekaru a ajin, a ba shi ƙaramin rauni a yatsa, a ce masa ya yi ta kiran mai tantancewa da sunansa.